Bitar ƙwayar sofosbuvir da velpatasvir: maganin ciwon hanta nau'in C da wuraren da ake tuntuɓe da shi

Kwalba uku ce, kowace da ƙwaya 28, ana shan ɗaya kullum har mako 12. A cikin kowace ƙwaya akwai sofosbuvir miligiram 400 da velpatasvir miligiram 100. Kamfanin Gilead na Amurka ne ya haɗa ta ya sa mata suna Epclusa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita a watan Yunin 2016. Wadda ake samu a kantunan magani na ƙasashenmu galibi ba ta Gilead ba ce, ta kamfanonin Indiya ce da suka karɓi lasisi daga gare shi, irin su Velpanat ta Natco da Velasof ta Hetero da MyHep All ta Mylan. Sinadarin ɗaya ne, adadin ma ɗaya.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne wannan ƙwaya tana yin abin da aka ce tana yi. Tana warkar da ciwon hanta nau'in C, warkewa ta gaske, ba kwantar da shi ba. Akasarin waɗanda suka sha ta amma ba su warke ba, idan aka bi diddigi, matsalar ba daga cikin kwalbar take ba. Ko dai an tsallake wani gwaji kafin a fara, ko an haɗa ta da maganin da ke kashe mata ƙarfi, ko kuɗi ya ƙare a kwalba ta biyu. Shi ya sa mafi yawan wannan bita za ta tsaya ne a kan waɗannan wurare.

Wanda bai ga zamanin interferon ba ba zai gane girman sauyin ba. Kafin 2011, magani shi ne allurar interferon sau ɗaya a mako tare da ƙwayoyin ribavirin, har mako 48 ga masu rukuni na 1 na ƙwayar cutar. Zazzaɓi da ciwon jiki bayan kowace allura, ƙarancin jini, zubewar gashi, baƙin ciki mai tsanani, kuma bayan duk wannan wahala kusan rabi ne kawai ke warkewa. An gano ƙwayar cutar tun 1989, amma ta ƙi girma a ɗakin bincike, don haka babu yadda za a gwada sabbin sinadarai a kanta. Sai a 1999 Ralf Bartenschlager da Volker Lohmann suka samar da hanyar da wani yanki na ƙwayar cutar ke kwafar kansa a cikin ƙwayoyin hanta da aka raina a kwano. Daga nan ƙofa ta buɗe. Wani ƙaramin kamfani mai suna Pharmasset, inda masanin haɗa sinadarai Michael Sofia ya jagoranci aikin, shi ya ƙera sofosbuvir, Gilead kuma ya sayi kamfanin sukutum a kan kusan dala biliyan 11, cinikin da aka sanar a ƙarshen 2011. Da maganin ya fito a Disamban 2013 da sunan Sovaldi, an sa masa dala 1,000 kowace ƙwaya, wato dala 84,000 na mako 12. Hayaniyar da wannan farashi ya tayar tana cikin abin da ya kai ga bai wa kamfanonin Indiya lasisi a 2014.

Sanin yadda sinadaran biyu ke aiki yana da amfani, domin daga nan ake fahimtar ƙa'idojin shansu. Ƙwayar cutar tana da wani furotin mai suna NS5B wanda ke ɗinka sabon kwafin ƙwayar halittarta tubali bayan tubali. Sofosbuvir tubalin bogi ne. Idan NS5B ya ɗauke shi ya ɗora, ginin ya tsaya cak. Dabarar Sofia ita ce lulluɓe tubalin da wata riga da ke ba shi damar ratsa hanji ya shiga ƙwayar hanta, a can ne rigar ke cirewa ya zama mai aiki. Ƙwayar cutar da ta sauya kamanni don kauce masa takan raunana har ta kasa yaɗuwa da kyau, shi ya sa ba kasafai ake samun bijirewa ga sofosbuvir ba. Velpatasvir kuwa wani furotin daban yake toshewa, NS5A, wanda cutar ke buƙata wajen shirya wurin kwafi da kuma harhaɗa sabbin ƙwayoyi. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma shi ne mai rauni a wurare biyu: ba ya narkewa sai a cikin tsamin ciki, kuma cutar na iya bijire masa idan adadinsa a jini ya yi ƙasa. Bijirewar NS5A kuma takan daɗe shekaru a jikin mutum.

Dalilin da ya sa ake iya warkewa gaba ɗaya shi ne ƙwayar cutar C ba ta da maɓoya a cikin cibiyar ƙwayar hanta. Dole ta riƙa kwafar kanta kullum, in aka hana ta na 'yan makonni sai ta ƙare. Nau'in B ba haka yake ba, za mu dawo kansa.

Alƙaluman gwaji suna da kyau har mutum ya yi shakka, amma sun tabbata a aikace. A binciken ASTRAL-1, mutum 624 masu rukuni na 1, 2, 4, 5 da 6 suka sha ƙwayar mako 12, kashi 99 cikin 100 suka warke. A ASTRAL-3, wanda ya dubi rukuni na 3 mai taurin kai, an samu kashi 95. Abin da ya fi shafar Afirka shi ne waɗannan manyan gwaje-gwaje an yi su ne galibi a Turai da Amurka, alhali nahiyarmu na da ƙananan rassan cutar da ba a cika gani a can ba. An ga illar hakan a Ruwanda: haɗin sofosbuvir da ledipasvir, wanda ake sayarwa da sunan Harvoni, ya warkar da kashi 56 kacal na masu reshen 4r. Da aka gwada sofosbuvir da velpatasvir a ƙasar, sakamakon ya haura kashi 95. Saboda haka a inda ba a iya gwajin rukuni, kuma mafi yawan wurarenmu haka suke, ba mu ga dalilin zaɓar haɗin ledipasvir ba ko da ya ɗan fi araha. A Afirka ta Yamma rukuni na 1 da na 2 ne suka fi yawa, a Kamaru da Sudan da Masar ana yawan samun na 4, kuma velpatasvir ya rufe su duka.

Kafin a buɗe kwalba

Kuskure na farko shi ne fara magani a kan gwajin gaggawa na ɗigon jini. Wannan gwaji yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da cutar ne kawai. Kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kore ta da kansa cikin watanni shida na farko, amma alamar tana nan a jini har abada. Sai an yi gwajin RNA, wanda ke auna ita kanta ƙwayar cutar a jini, sannan a san ko akwai abin da za a kashe. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita tana iya yin wannan idan akwai kwanson gwajin da ya dace. Wanda ya tsallake wannan mataki zai iya zuba kuɗinsa a kan cutar da ba ya ɗauke da ita.

Na biyu, kuma shi ne mafi haɗari a wurinmu, gwajin nau'in B. Binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya nuna kashi 8.1 na manya a Najeriya na ɗauke da nau'in B, kashi 1.1 kuma nau'in C, don haka haɗuwar biyun a jikin mutum ɗaya ba baƙon abu ba ne, musamman da yake aska ɗaya ta wanzami ko allurar da aka maimaita ko jinin da ba a tantance ba na iya kawo kowannensu. Idan suna tare, C yakan danne B. Da zarar magani ya share C cikin makonni kaɗan, B na iya farkawa da ƙarfi, hanta ta kumbura, shawara ta bayyana, har a rasa rai. Tun Oktoban 2016 hukumar Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗi a cikin baƙin akwati a kan duk magungunan wannan aji. Abin yi shi ne a gwada HBsAg, alamar nau'in B a jini, ga kowa. Wanda aka samu da shi, hanya mafi aminci ita ce ya fara tenofovir miligiram 300 ko entecavir miligiram 0.5 kullum tare da maganin C, ya ci gaba aƙalla mako 12 bayan gamawa, sannan likita ya duba ko zai zarce. Kada kuma a ba kowa waɗannan biyu ba tare da an gwada shi cuta mai karya garkuwar jiki ba, domin shan ɗayansu shi kaɗai na koya wa waccan cutar bijirewa.

Na uku, a san halin da hanta ke ciki. Inda babu Fibroscan, na'urar auna taurin hanta, ana amfani da lissafin APRI: a raba sakamakon AST, gwajin jini na hanta, da iyakarsa ta sama, a raba abin da aka samu da adadin ƙwayoyin daskarar da jini, a ninka da 100. Misali AST 90, iyaka 40, ƙwayoyin daskarewa 90 (wato dubu 90): 90 a raba da 40 ya ba da 2.25, a raba da 90 a ninka da 100, an samu 2.5. Abin da ya haura 2 yana nuna hanta ta riga ta ƙandare da tabo. A kula, zazzaɓin cizon sauro na sauke ƙwayoyin daskarewa na ɗan lokaci, don haka jinin da aka ɗiba a cikin zazzaɓi ko jim kaɗan bayansa zai ba da lissafin ƙarya. A jira mutum ya murmure a sake.

Mai tabon hanta da har yanzu hantarsa ke ɗaukar nauyin aikinta, mako 12 na ƙwayar ya ishe shi. Amma wanda cikinsa ya tara ruwa, ko idonsa ya yi rawaya, ko ya taɓa aman jini, ko hankalinsa na gushewa lokaci lokaci, wannan ba aikin kemis ba ne, na ƙwararren likitan hanta ne. A ASTRAL-4 irin waɗannan majinyata sun warke da kashi 83 a kan ƙwayar ita kaɗai, da aka ƙara ribavirin ya kai kashi 94. Ribavirin kuwa tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, dole a riƙa auna jini, kuma tana nakasa ɗan tayi, don haka mace da ke sha ko matar mai sha ba za ta ɗauki ciki ba a lokacin magani da bayansa, wata tara ga mace mai sha, wata shida ga matar mai sha.

Abin da ba ya shiri da ita

Maganin gyambon ciki ne babban ɓarawon wannan ƙwaya, domin mutane ba sa ɗaukarsa a matsayin abin da za a faɗa wa likita. Velpatasvir na buƙatar tsamin ciki kafin ya narke. Ruwan maganin ƙwannafi mai magnesium ko aluminium, a raba shi da ƙwayar da awa 4. Famotidine, a sha su lokaci guda ko a raba da awa 12, kada ya wuce miligiram 40 sau biyu a rana. Omeprazole da danginsa gara a ajiye su har a gama. Idan ba makawa, a sha ƙwayar da abinci, a jira awa 4, sannan a sha omeprazole da bai wuce miligiram 20 ba. Ita ma kanwa da ake jiƙawa a sha don ciwon ciki tana kashe tsami, saboda haka shawararmu a ɗauke ta kamar maganin ƙwannafi, a nisanta ta da lokacin ƙwayar.

Rifampicin na maganin tarin fuka ba a haɗa shi da ita sam. Yana zaburar da hanyoyin da jiki ke fitar da magani, har sofosbuvir ya ragu da kusan kashi 70, velpatasvir da kusan kashi 80. Mai cututtukan biyu ya gama watanni shida na tarin fuka tukuna, ciwon hanta zai iya jira, tarin ba zai jira ba. Haka magungunan farfaɗiya na da, carbamazepine da phenytoin da phenobarbital, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun majinyatanmu saboda araha. Sai likita ya sauya su da wani kamar levetiracetam, a bar 'yan makonni tasirinsu ya fita, kafin a fara. Kada mai farfaɗiya ya yanke maganinsa da kansa.

Ga masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, haɗin da ke da dolutegravir ba shi da matsala, sai dai velpatasvir na ɗaga adadin tenofovir a jini, don haka a duba ƙoda. Efavirenz kuwa yana rage velpatasvir da kusan rabi, ba a haɗa su. Amiodarone na masu ciwon zuciya tare da sofosbuvir na iya sa bugun zuciya ya yi ƙasa har a suma. Rosuvastatin kada ya wuce miligiram 10. Mai shan warfarin a ƙara yawan auna jininsa, mai ciwon suga kuma ya sa ido, domin hanta na farfaɗowa suga kan sauka, adadin maganin da ya saba na iya yi masa yawa. Jiƙe-jiƙen da ake sayarwa da sunan maganin shawara ko wankin hanta, babu wanda ya san me ke cikinsu, a bar su.

Shan ta kullum

Ba ta da wahalar sha. Da abinci ko babu, lokaci ɗaya kowace rana, kuma a haɗiye ta ɗungurungum don tana da ɗaci in aka tauna. Abin da aka fi kuka da shi ciwon kai ne da kasala, wani lokaci tashin zuciya, kuma da wuya su sa a daina. Wanda ya yi amai cikin awa 3 da sha, ya sake shan wata. Wanda ya manta ya tuna kafin awa 18 su wuce, ya sha nan take. In sun wuce, ya jira lokacin gobe, kada ya haɗa biyu. Tsallake kwana ɗaya ko biyu ba ya rushe magani, amma in an kai mako guda ba a sha ba sai a koma wurin likita. Mai azumi da likita ya yarje masa zai iya tsayar da ita a buɗa-baki ko sahur, sai dai ya tuna sahur ne lokacin da mutane suka fi shan omeprazole.

Masu ciwon ƙoda a da ana tsoron ba su sofosbuvir saboda ragowarsa ta ƙoda take fita, amma tun 2019 an amince a ba su cikakken adadi, har da masu wankin ƙoda. Yara daga shekara 3 suna da nasu ƙananan adadi gwargwadon nauyi. Mai juna biyu galibi ana jira ta haihu.

Takardar magani ta ce a ajiye ƙasa da digiri 30 na ma'aunin zafi. A Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas a watan Afrilu wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Kada a bar ta a mota ko kan taga ko ƙarƙashin rufin kwano kai tsaye. A bar ta cikin kwalbarta a rufe, a wuri mafi sanyi a ɗaki.

Shawarar da muka fi nanatawa ita ce a mallaki kwalba ukun kafin a haɗiyi ƙwaya ta farko. Wanda ya sayi ɗaya da niyyar neman kuɗin sauran daga baya yana caca ne: in magani ya yanke a mako na 4 ko na 8, cutar na iya dawowa da bijirewar NS5A, maganin ceto kuma, wato Vosevi mai ƙarin voxilaprevir, ya fi tsada ya fi wuyar samu nesa ba kusa ba. Gara a jinkirta wata biyu a tara kuɗi. A duba lambar rajistar NAFDAC ko ta hukumar magunguna ta ƙasar da ake ciki, lambar rukunin ƙira da ranar lalacewa su dace a kwali da kwalba, hatimin baki kuma ya kasance ba a taɓa shi ba. Jabun magungunan wannan aji sun taɓa shiga har kantunan Japan a 2017, ballantana kasuwar da babu mai tsaro.

Gama kwalba ta uku ba shi ne warkewa ba. Ana jira mako 12 bayan ƙwaya ta ƙarshe a sake gwajin RNA. In ba a ga komai ba, an warke. Mutane da yawa na tsallake wannan don tsadar gwajin, wasu kuma su je su yi gwajin ɗigon jini, ya nuna alama kamar yadda zai nuna har ƙarshen rayuwa, su ɗauka magani bai yi ba. Warkewa ba ta hana sake kamuwa, kuma babu rigakafin nau'in C. Mai tabon hanta, ko ya warke, zai ci gaba da hoton ciki duk wata shida saboda haɗarin dajin hanta ya ragu ne, bai gushe ba.

Ita ko abokan gasarta

Babbar abokiyar gasarta ita ce haɗin sofosbuvir 400 da daclatasvir 60. Shi Masar ta dogara da shi a gangamin da ta ƙaddamar a 2018 na gwada al'ummarta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta matsayin zinare a 2023 a kan hanyar kawar da cutar. A 2023 an cimma yarjejeniya da Viatris da Hetero ta sayar wa gwamnatoci da shirye-shiryen lafiya wannan haɗi a kan dala 60 na mako 12, ko da yake farashin da ke isa hannun mai saye a kanti ya fi haka. Daclatasvir bai damu da tsamin ciki ba, kuma ana iya daidaita shi: miligiram 90 ga mai shan efavirenz, 30 ga mai shan atazanavir da ritonavir. Rauninsa shi ne mai tabon hanta yakan buƙaci mako 24, kuɗi ya ninka, haƙuri ma ya ninka. Mavyret na AbbVie yana gamawa a mako 8, amma ƙwaya uku ne kullum tare da abinci, ba a ba wanda hantarsa ta fara gazawa, kuma ba ya yawo a kasuwanninmu.

Don haka wanda hantarsa ba ta ƙandare ba kuma kuɗi suka yi masa ƙaranci, ko wanda ba zai iya rabuwa da omeprazole ba, daclatasvir ya wadatar, ba za mu ce ya ƙara kuɗi ba. Mai tabon hanta da ke son gamawa a mako 12, ko wanda ake zargin yana ɗauke da baƙon reshe, velpatasvir ya cancanci ƙarin kuɗin.

Masu nau'in B su yi hattara da duk wanda ya miƙo musu wannan kwalba, domin ba ta taɓa cutarsu ko kaɗan. Nau'in B yana ajiye wani zoben ƙwayar halittarsa a cikin cibiyar ƙwayar hanta, inda tenofovir da entecavir ba sa kaiwa, shi ya sa suke danne shi kawai ana sha shekara da shekaru. Ana kan neman abin da zai wuce haka: bepirovirsen na GSK, allura ce da ke lalata saƙonnin da cutar ke aikawa don ƙera furotin ɗinta, ya kawar da alamar cutar a jinin kusan mutum 1 cikin 10 a gwajin mataki na biyu, aka wuce da shi mataki na uku. Nau'in D, wanda ba ya rayuwa sai a jikin mai B, ya samu bulevirtide, allurar miligiram 2 kullum da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2020. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022, mutum miliyan 254 ke ɗauke da B, miliyan 50 ke ɗauke da C, kuma kashi 83 na mace-macen ciwon hanta daga B suke.